Wayar Da Auta Ya Binne A Bango

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ɗinki, yaya fama da masu kawo yadi yau su ce jiya suke so? Mu nan lafiya lau. Matata Malama tana gaishe ki, ta ce makaranta ce ta ɗaure mata ƙafa. Baba ma ƙalau yake, yana ci yana sha, sai dai abin da ya sa na ɗauki biro.

Kada ki yi mini dariyar wasiƙa. Tun da na haɗa kayan sautin nan, da na shigo gida wayar hannuna sai ta haɗe da lasifikoki ita da kanta, kuma na rasa inda ake hana ta. Ranar da kika kira kina yi mini faɗa a kan tumbi, gidan nan kaf ya ji, har Baba ya ce a gaya miki kin yi gaskiya. A ofis kuwa a cunkushe muke. Maganar nan ba ta kunnen Baba ba ce, shi ya sa na ba direban motar kaya ya kawo miki.

Kin san tsohon ɗakin ajiya na ƙarshen baranda, wanda ake sauka matakala ɗaya a shiga. Yanzu ya zama ɗakin kallo: majigi a silin, farin allo, labule mai kauri, ƙofa mai soso, in an rufe ko ganga aka buga ba a ji a waje. Abu ɗaya ne ya ɓata shi, wayar Baba. Bara ya ce a sa masa ƙaramar lasifika a ɗakinsa don jin labarai, ya kuma ce shi zai ja wayar da kansa, tunda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan turakun tarho. Yaya, in kin ga aikin! Baƙar waya ce ya kafa daidai ƙugu, ta bi bango ta wuce kujerarsa, ta fita ƙofa, ta ratsa baranda har ɗakinsa. Na ce a bi da ita ta ƙasa, ya ce ɓeraye. Malama ta ce saura mu fara shanya a kai.

To, da ya tafi kwana biyu wajen Kawu, na kira magini ya tsaga bango, muka kwantar da bututun roba mai faɗi, muka zura wayoyi ciki, aka mayar da filasta aka yi fenti. Duk inda waya ta fito na sa farin murfi irin na soket, mai baki biyu, ja da baƙi, sai a soke gajeriyar waya daga nan zuwa lasifika. Bango ya fito sumul. Na tsaya ina kallo ina jin kaina kamar injiniya.

Baba ya dawo, na tsaya a baranda ina jiran yabo. Ya fito daga ɗakinsa, ya kai hannu bango, ya tsaya. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Sai ya ce, “An yi fenti.” Ya koma ciki. Tun daga ranar bai sake shiga ɗakin kallo ba, mutumin da shi ke fara zama, shi ke yi wa jarumi faɗa in ya yi wauta.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Jiya muka dawo daga aiki na tarar an kwance murfin da ke kusa da kujerar Baba, an jawo waya waje kamar kamu ɗaya, an jera notuna a cikin ƙaramin faranti. Malama ta ce ɓera ne. Na ce ban taɓa ganin ɓera mai sukudireba ba.

Me kike gani? Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa, na gaida Malama. Ka durƙusa ka gaishe mini da Baba, ba irin gaisuwarka ta tsaye ba.

Sannu injiniya. Wasiƙarka ta same ni da almakashi a hannu, na yi dariya har na kusa yanke hannun rigar mutane. Ka dai karanta wannan a zuci in za ka iya, don na san ka tun kana aji ɗaya ba ka iya karatu sai da murya, kamar mai sanarwa a tasha.

Maganar murfi ba ta bukatar boka. Mutum nawa ne a gidan da rana? Kuma wa ka sani a duniyar nan da yake jera noti a faranti don kada ya ɓace? Inna, Allah ya ji ƙanta, ta sha faɗa a kan farantanta. Baba ne, ka ma sani, so kake ni in faɗa.

Abin da ban gane ba shi ne dalili. Zatona na farko fushi ne. Mutum ya yi aiki da hannunsa, ya juya baya, ɗan da ya goya ya kira magini ya shafe aikin kamar ba a yi ba. Ko ni aka farke ɗinkina ba a tambaye ni ba, sai an ji ni. Ka je ka ba shi haƙuri, kuma kada ka fara da “ai”, na san ka.

Amma wani abu yana yi mini kai-kawo. Baban da na sani ba ya aikin banza. Mutumin da ya sa aka sake kafa labulen falo don ya karkace da faɗin yatsa, shi ne zai ja baƙar waya daidai ƙugu a kan farin bango? Maganar ɓera ban yarda ba, ɓera yana hawa bango fiye da kai. Ina tsohuwar wayar, ka yar ko tana nan? Ka duba mini ita da kyau. Kuma me yake yi da yamma yanzu, tunda ya daina kallo? Jaridar da kake kawo masa, yana karantawa ko ninkewa yake?

Ka rubuto da wuri, ka sa ni cikin tunani. Ka rage cin dare.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Baba ya amsa, na kuma durƙusa, Malama shaida ce. Maganar karatu da murya kuwa ki kwantar da hankalinki, a ɗakin kallo nake karanta wasiƙunki, ƙofa a rufe. Can ko ihu na yi babu mai ji.

Na ba shi haƙuri, ban ce “ai” ba sai sau ɗaya. Dariya ya yi, ya ce wane fushi. Na tambaye shi murfin, bai musa ba, ya ce haɗin yake dubawa. Na ce to ya zo ya duba da kyau. Muka tafi tare, ya dafa kafaɗata, abin da bai saba ba, na ɗauka alamar shiri ce. Ya tsuguna, ya bi murfin da yatsa, ya ce na ɗaure shi daidai, bai karkace ba. Ya taɓa bakunan nan biyu ya ce, “Wanne ka ba ja?” Na nuna masa. Ya ce, “Ka yanke wayar ƙwarai, ba ka bar mata rara ba.” Na ce ai tsafta ke nan. Ya ce haka ne.

Ranar Asabar Malama ta matsa masa, ta ce fim ɗin masu hawa dutse ne, irin wanda yake so. Ya taho da kofin shayinsa, mun riga mun ja labule mun kashe fitila. Sai muka ji ƙara a bakin ƙofa. Ya zarce matakalar nan, ya daki gefen kujera da ƙauri, shayi ya zube. Muka tashi a guje, ya ce mu zauna, silifas ne ya zame. Ya juya ya koma. Yanzu daga ɗakinsa yake sauraro ta ƙaramar lasifika, da safe kuma ya ba mu labarin fim ɗin tiryan-tiryan, har da inda jarumi ya yi ƙarya, wai ya ji a muryarsa. Jarida kuwa ninkewa yake, ya ce duk labarin ɗaya ne.

Tsohuwar wayar tana nan, na naɗe ta a buhu. Na duba kamar yadda kika ce, kuma ga wani abin mamaki. Akwai dunƙulen salatif a jikinta wuri-wuri, wani guri ɗaya, wani guri biyu a jere, can kusa da ƙarshe kuma wani ƙato kamar ƙwai. Na ɗauka gyara ne, inda waya ta tsinke aka haɗa. Na warware ɗaya, sai na ga waya lafiya lau a ciki, ko ƙwarzane babu. To me ya naɗe? Baba da yake cewa salatif ba abin wasa ba ne?

Sai kuma Malama da ƙorafinta. Sabon fentin baranda ya fara yin wani dogon layi na dauɗa, daga ƙofar Baba zuwa bayi, ta goge ya dawo. Ta ce ko bangon ne yake tsatsafo da ruwa ta inda muka tsaga. Amma bututun ta ƙasa muka bi da shi, layin kuwa daidai ƙugu yake.

Ni dai kaina ya ƙulle. Ko tsufa ne ya fara taɓa masa tunani? Ban so rubuta wannan ba, amma ke ce.

Ki huta lafiya.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa a gajarce yau, ka gaida mutanen gidan.

Tunanin Baba lafiya lau yake, ya fi nawa da naka. Na karanta wasiƙarka na ajiye, na koma kan keken ɗinki, na kasa taka shi. Wani abu na tuna. Zuwana na ƙarshe na kai masa sabuwar riga. Ya karɓa, ya bi wuyan da yatsa, ya bi aljihu, ya ce ɗinki ya yi kyau. Bai ce komai a kan launi ba. Shuɗi ne mai duhu, wanda ka san ba ya so, na sa ne da gangan don ya yi mini tsiya mu yi dariya. A lokacin na ce a raina tsoho ya yi sanyi.

Ga abin da za ka yi. Ka bari sai ya fita hira wajen mai gyaran rediyo. Ka ɗauko tsohuwar wayar, ku miƙe ta a bango yadda take a da, Malama ta riƙe can, ka fara daga ƙofar Baba. Ka rufe idonka, ka rufe da gaske, ka ɗora yatsu a kanta ka yi tafiya. Duk inda ka ji dunƙule ka tsaya ka buɗe ido ka ga abin da ke gabanka.

Ina tsoron idon Baba ne, Auta. A waje da rana yana iya lallaɓawa, hanyar ya san ta. Amma barandarku ba ta da taga, ɗakin kallon kuma ku da kanku kuke mayar da shi dare. Layin da Malama take gogewa ba ruwa ba ne, hannu ne.

Allah ya sa ni ce na yi kuskure, ka rubuto ka yi mini dariya. Kada ka tare shi da maganar kamar ɗan sanda. Kuma kada ka zauna kana cin kanka, ni ma na zo na ga wayar nan, abin da na ce kawai shi ne ta yi muni.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba ki yi kuskure ba.

Mun yi yadda kika ce. Na rufe ido na kama waya. Dunƙule na farko, na buɗe ido, ƙofar bayi. Na gaba, inda baranda ta karya kwana. Guda biyun nan na jere, na buɗe ido na ga yatsun ƙafata a bakin matakala. Na sauka na ci gaba, har hannuna ya cika da ƙaton nan mai kamar ƙwai, na miƙa ɗaya hannun, sai ga hannun kujerar Baba. Zama na yi a kai. Malama ta saki wayar ta shiga kicin, na ji ta buɗe famfo, ba kuwa wanke-wanke take ba. Shekara guda mutumin nan yana bin hanyarsa a gabanmu, mu kuma muna cewa igiyar shanya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tausayinsa ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Ban tsaya shawara ba. Na ɗauko guduma na mayar da wayar inda take, a kan sabon fentin, na sake naɗa dunƙulen da na warware. Sauti yana bi ta cikin bango yanzu, wannan ba ta da aikin komai, don haka na huda gefen murfi na cusa bakinta ciki, wai ta yi kama da mai aiki. Malama da kanta ta riƙa miƙo mini ƙusa.

Da yamma muka sa fim, ba mu kira shi ba, muka bar ƙofa a buɗe. Can sai ga takunsa. Na ji ya tsaya a baranda, ya daɗe. Sai ya taho, ba da sanɗa ba, tafiyarsa ta da. Ya sauka matakala kamar yana ganinta, ya zauna a kujerarsa, ya ce, “Wannan wawan har yanzu bai gane matar tana yaudararsa ba?” Muka yi dariya fiye da yadda maganar ta kai.

Da aka gama na kunna fitila, Malama ta fita. Ya kama wayar kusa da murfi ya ɗan ja, bakinta ya zaro a hannunsa. Ya murza shi da yatsa ya ce, “Ina ta nufa?” Na ce babu ko'ina. Ya ce, “To.” Na ce, “Baba, tun yaushe?” Ya ci gaba da murza bakin wayar. Na ce akwai likitan ido, ana wanke yanar ido, mutane suna shiga da safe su fito da yamma. Sai ya ce, “Uwarku ma da ƙafarta ta shiga asibiti.” Ya miƙe, ya bi wayarsa ya tafi.

Nan na tsaya, Yaya. Hanyar gida na mayar masa, amma abin yana ƙaruwa ne, kuma ba zan iya ja masa waya har bakin titi ba. In na matsa, ina tsoron ya rufe ƙofa gaba ɗaya. In na yi shiru, wata rana ko hasken taga ba zai gani ba. Ke yake jin maganarki. Ki rubuto abin da zan ce masa, ko ki zo.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da sa albarka. Ina fata kina lafiya da maigidanki da jikokina. Ni ne nake faɗa, Malama take rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Ba sai kin wahalar da kanki neman abin da za a ce mini ba. Wasiƙunki duk na ji su. Ƙaninki har yau bai iya karatu a zuci ba, nasa ma da yake rubutawa sai ya maimaita da murya. Bututun da ya binne mai faɗi ne, bakinsa ɗaya yana gefen kujerar da yake zama, ɗayan yana kan gadona, murfin nan nawa kuwa tuni na cire shi. Ban taɓa samun layi mai kyau irinsa ba a duk aikina.

Rigar ashe shuɗiya ce. Za mu yi maganar in kin zo.

Murfin ɗakin kallo na kwance ne in ga ko wayar tana da rarar da zan jawo in mayar da abata ba tare da kowa ya sani ba. Ban so a fara riƙe mini hannu ana yi mini sannu a gidana. Tsoron asibiti kuma gaskiya ne, ina jinsa har yanzu.

Wayar da ya mayar na haɗa ta da lasifikata, ba na zama da waya marar aiki.

Ki zo ranar da kika samu sarari, ke da shi ku kai ni wajen likitan. Yaron nan ya tsaga bango, ya ja layi, ya ɗaure murfi ko ɗaya bai karkace ba, kuma ba ni na tsaya a kansa ba. Hannuna ya gaya mini aikin ya yi kyau. Ina so in gani.

Allah ya yi muku albarka.

Babanku